Ciwon ciki: a rage kanwa

Ɗan'uwa manomi, a nan Bune kanwa ba ta wuya, kwarurrukanmu ke ba da ita. Shi ya sa duk wanda ƙwarnafi ya dama sai ya jiƙa ta ya sha. Tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma gishiri gare ta. Yawanta na kawo hawan jini, yana wahal da zuciyar mai jego.

Gyaran yana cikin tukunya. Uwargida ta jiƙa wake tun dare, ta zubar da ruwan, zai nuna ba kanwa. Rage tonka. Bar shan shayi da cikin wofi. A sa zogale ko rama cikin abinci, a dama hura da tafasasshen ruwa.

In ka ga jini a bayan gida, ko kana ramewa, tafi likita Gure.