Kamba: Dalilin da Taya Ke Cinyewa ta Gefe Ɗaya, da Yadda Ake Gyarawa

'Yan uwana ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan ƙafar mota ne. Duk mai bin hanyar Daura zuwa Zango, ya wuce Baure ko ya ratse Yardaje, ya san irin lodin da ake yi wa Golf da Sharan: buhunan gero a but, fasinja a ciki, wani lokaci har da akuya a sama. Ku riƙa duban tayoyin gaba na motocin nan in sun tsaya a tasha. Za ku ga wata tayar gefenta na ciki ya suɗe har waya ta leƙo, na waje kuwa zanensa garau. Irin wannan tayar ce ke fashewa a tsakiyar gudu da rana tsaka, da mutane cike a mota. Sau da yawa tushen abin shi ne kamba.

Mece ce kamba?

Ka tsaya a gaban mota ka dubi tayar. Idan samanta ya karkata ciki wajen inji, wannan kamba ce ta ciki, wadda littafi ke rubutawa da alamar ragi. Idan saman ya karkata waje, ta waje ce, mai alamar ƙari. Da digiri ake auna ta, kuma a yawancin ƙananan motoci ba ta wuce digiri 1 sosai. Kowane kamfani yana da adadin da ya tsara wa motarsa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙafar hagu da ta dama su yi kusan daidai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada bambancinsu ya wuce rabin digiri. Taya mai karkata tana son gangarawa wajen da ta karkata, kamar yadda mai keke ke kwantawa in zai sha kwana. In karkatar biyu ta zo ɗaya, sai su kashe juna, mota ta miƙe. In ɗaya ta fi, mota za ta riƙa ja zuwa ɓangaren da samansa ya fi karkata waje, direba ya wuni yana kokawa da sitiyari.

Kafin ka ɗauki sifana

A garejin da na yi SIWES a Zango, maigidana ba ya barin yaro ya taɓa noti sai ya amsa tambaya ɗaya: me ya karkatar da ita? Ƙafar mota ai ba ta karkata haka kawai. Ga jerin binciken da muke bi:

1. Iska. Auna tayoyin huɗu da geji. Taya mai ƙarancin iska ita kaɗai tana sa mota ja.
2. Shafa tayar da tafin hannu. In gefe ɗaya ya cinye sumul, kamba ce. In ka ji kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto, matsalar to-in ce, wato gaban tayoyin ya matse ko ya buɗe.
3. Sauya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. In jan ya juya, laifin taya ne, a bar ƙafa ta huta.
4. Auna tsayi daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu da dama. In ɓangare ɗaya ya zauna, sifirin ya gaji ko ya karye. Wannan shi ne ciwon motocin lodi.
5. Ɗaga motar da jak, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi wasa, duba boris da boljoyin. In ka kama ta gefe da gefe ta yi wasa, tayarod ne. Kada fa ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, sa mata abin tokara mai ƙarfi.
6. Duba bushin na lowa-am, sannan ka dubi shokazoba da ita kanta lowa-am ɗin ko sun lanƙwashe. Faɗawa rami ɗaya da gudu, da lodi a kai, ya isa.

Ka kuma tuna cewa ana gina kwalta da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangare. Tunda mu a Najeriya hannun dama muke bi, mota lafiyayya ma tana ɗan zamewa dama a hankali. Wannan ba ciwo ba ne.

Awo da zare da noti

Ba kowane gari ne ke da injin alaimen mai kwamfuta ba, amma zare da rula suna ko'ina. Sami daɓen siminti mai daidaito, ka tabbatar da filam ɗin magina. A kan rairayi awo ba ya yiwuwa. Miƙe sitiyari, ka danna gaban motar sau biyu ko uku don ƙafa ta zauna. Ɗaura noti mai nauyi a zare, ka rataye shi a gefen tayar, ya bi ta tsakiyar wili ba tare da ya taɓa komai ba. Bari ya daina lilo, don iskar hunturu takan hana shi tsayawa.

Yanzu auna daga zare zuwa bakin wili na sama, sannan daga zare zuwa bakin wili na ƙasa. In na sama ya fi yawa, kamba ta ciki ce. In na ƙasa ya fi, ta waje ce. Lissafin kuwa shi ne wanda muka yi a aji: raba bambancin da tazarar da ke tsakanin wuraren awo biyu, ka nemo kusurwar da ke da wannan tanjent. A taƙaice, in tazarar milimita 400 ce, kowace milimita 7 digiri 1 ce. Kun ga ashe tirigonometiri yana da rana!

Ga misali. Wani direban Golf 3 ya zo mana yana ƙorafin cewa tayar hagu ba ta yi masa ƙarko, motar kuma tana ja dama. Ya ce, "Oga, a ɗan taɓa min alaimen kawai, ina da lodi." Maigida ya ce, "Haba direba, bari yaran nan su auna tukuna." A hagu na samu 59 a sama, 45 a ƙasa: bambanci 14, wato digiri 2 ta ciki. A dama 49 da 45: bambanci 4, kusan rabin digiri. Tsakaninsu digiri 1 da rabi ke nan. Muka tura motar gaba har taya ta yi rabin juyi, muka sake awo don kada lanƙwasar wili ta yaudare mu. Adadin bai canza ba. Da aka kwance, shokazobar hagu ce ta lanƙwashe daga ƙasa. Da an matsa noti kawai, da an ɓoye ciwon, tayar gaba kuma ta bi 'yar uwarta.

Yadda ake daidaitawa

Sai an canza duk abin da ya lalace ake zuwa nan, kuma kowace mota da tsarinta.

A Golf 3, kusoshi biyu ne ke haɗa ƙasan shokazoba da ƙarfen da ke riƙe boris. Akwai ɗan wasa a wurin. Sassauta su, ka tura saman tayar ciki ko waje, ka ɗaure, ka sauke motar, ka ɗan tura ta, ka sake awo. Sau biyu ko uku ake yi kafin ta zauna.

A Corolla ma kusoshi biyu ne, sai dai wasan kaɗan ne. Akwai kusar kamba ta musamman da ake sawa a maimakon ta asali don samun wurin gyara.

A Hilux ta zamani, kusoshin lowa-am suna da faifai mai zane-zane wanda raminsa ba a tsakiya yake ba. Juya shi yana tura ƙasan tayar. Yi alama kafin ka taɓa, don juyawar tana shafar kasta ma.

Bayan Golf 3 kuwa ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafafun biyu, babu notin gyara. In ka ga tayar baya ɗaya ta kwanta, ƙarfen ya lanƙwashe, galibi saboda lodi.

Abu biyu kada a manta. Na farko, duk lokacin da ka taɓa kamba, to-in ya motsa, dole a sake saita shi a tayarod, shi ne na ƙarshe. Na biyu, kusoshin bushin ana yi musu ɗaurin ƙarshe ne bayan nauyin mota ya sauka kan taya, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri.

Akwai masu kai lowa-am ko shokazoba wajen mai walda a gasa da wuta a miƙe. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfinsa, kuma ranar da zai karye ba zai yi sallama ba. A canza shi.

Aikin gida: kafin fitowa ta gaba, ku sami motar gida ko ta maƙwabci, da izininsa, ku auna ƙafafun gaba biyu, ku rubuta adadin, ku kwatanta da yadda tayoyin suka ci. Wanda lissafinsa ya ƙi fita, ya same ni a wokshop bayan La'asar mu duba tare. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare matafiya.