Fitilun da Ke Kwana a Kunne Har Hantsi

Wani mai kula da makarantar kwana ya rubuto yana kuka. Fitilun harabarsu goma ne, kowace mai wat 50, kuma sai maigadi ya tuna ake kashe su, wani lokaci har azahar. Ya sa an ɗaura musu na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta, ba ta yi wata biyu ba ta ƙone. Tambayarsa ita ce: jabu aka sayar masa?

Malam, da wuya jabu ce. Na fi zaton an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Amma ka yi daidai da ka damu, domin wat 500 na ci a banza tsawon awa shida, yunit uku ke nan kullum, casa'in a wata.

Tsarin sarrafa fitilu, babba ko ƙarami, sassa huɗu ne ke riƙe da shi: mai ji, mai yanke hukunci, mai buɗe wa wuta hanya, sai fitilar kanta.

Mai ji shi ne sensa. Akwai mai kallon hasken gari, wanda masu aikin wuta ke kira fotosel. Da magariba ta yi ya kunna, gari na wayewa ya kashe. Kada a kafa shi inda hasken fitilar zai buge shi. In aka yi haka, sai ya ɗauka gari ya waye ya kashe, duhu ya dawo ya sake kunnawa, fitilu su kwana suna ƙifta ido. Ga kuma ƙurar hunturu da ke rufe masa fuska, ya zaci dare ne da tsakar rana. Tsumma mai laima ya isa magani. Ɗayan sensan kuwa ɗumin jikin mai wucewa yake ji. Yana da kyau a baranda da banɗaki, sai dai a zafin bazara, lokacin da bango da iska suka kusa kamo ɗumin jikin mutum, digiri 37, jinsa na raguwa. Kada ka jingina tsaron makaranta a kansa shi kaɗai.

Mai yanke hukunci a wuri kamar naku taima ce. A nemi mai batir a ciki. Ta da, mai juyawa kamar agogo, tana tsayawa duk sanda aka ɗauke wuta, kuma ka san halin wutarmu. Cikin mako guda za ka tarar tana kunna fitilu da la'asar sakaliya. Manyan otal-otal da ofisoshi kan yi amfani da tsarin DALI, inda wayoyi biyu ke kai umarni ga na'urori har 64, kowace da lambarta. Ku ba ku bukatar wannan.

Na uku, mai buɗe wa wuta hanya, shi ne inda na ga matsalarka. A cikin fotosel irin wanda aka ɗaura muku akwai ɗan makunni ƙarami. A takarda, wat 500 a kan bolt 230 bai wuce amfiya biyu da 'yan kai ba, shi ya sa mai gyaran da ya ɗaura shi ya ga kamar zai ɗauka. Abin da ya manta shi ne fitilar LED na da direba a cikinta, kuma a ƙiftawar farko ta kunnawa direban kan zuƙi wuta ninkin ba ninkin. Goma a tare, kowane dare, sai haƙoran makunnin su narke su manne. Maganin shi ne kontakta: fotosel ya ba ta umarni kawai, ita ta ɗauki nauyin fitilun.

Saboda haka ka kira ƙwararren mai aikin lantarki, ya kashe wuta daga bireka kafin ya taɓa komai. Ya sa kontakta a akwatin da ruwa ba ya shiga, ya raba fitilun layi biyu: na bakin ƙofa da katanga su kwana, na tsakar haraba taima ta kashe su bayan ɗalibai sun kwanta. Ka ce ya bar makunnin hannu a ɗakin maigadi, saboda ranar da sensa zai mutu da tsakar dare.