Addini Ba Ya Da Ƙafa, Mutane Ne Ke Ɗauke Da Shi

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:26-39

Ɗan'uwa mai karatu, idan ka tsaya a bakin kogin Binuwai a Garwa da asuba, za ka ji kiran salla, in ranar Lahadi ce kuma ka ji waƙoƙin masu sujada. Ka taɓa tambayar kanka ta wace hanya waɗannan addinai suka iso nan?

Kakannin ƙasar nan ba su zauna ba tare da neman Allah ba. Mutanen Sao da suka zauna kusa da Tafkin Chadi sukan binne matattunsu cikin manyan tuluna, sun kuma bar siffofin yumɓu masu yawa. Wanda ya binne nasa da irin wannan kulawa, yana da tunanin abin da ke bayan mutuwa.

Addinan da suka zo daga nesa kuwa, hanyar matafiya suka bi. Addinin Buddha ya tashi daga Indiya, ya bi ayarin fatake har ya kai ƙasar Sin a ƙarni na 1. Musulunci ya ƙetare Sahara tare da 'yan kasuwa, sarakunan Kanem suka karɓe shi a ƙarni na 11. A nan yankinmu Fulani makiyaya da malamansu sun riga sun zo da shi kafin Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Haka ma Bishara. A karatunmu na yau, wani ma'ajin sarauniya daga Afirka yana komawa gida daga Urushalima, yana karanta littafin Ishaya bai gane ba. Filibus ya hau karusarsa, ya bayyana masa. Babu majami'a, babu taro: mutum biyu ne a kan hanya. A ƙarni na 4 kuma aka kama wani yaro mutumin Taya mai suna Firumentiyus, aka kai shi fadar Aksum a Habasha. Ya yi hidima da aminci, daga baya Sarki Ezana ya zama Kirista.

Amma ka lura, zuwa daban, zama daban. Ikilisiyar Arewacin Afirka ta haifi manyan malamai irin su Agustin, duk da haka littafinta da sujadarta da Latin suke, ba a juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Barbar ba. Da zamani ya juya, sai ta shuɗe. Akwai dalilai da dama, amma wannan yana cikinsu. A Masar da Habasha kuwa an juya Maganar Allah zuwa harsunan ƙasa, wato Kibɗanci da Ge'ez, ikilisiyoyinsu suna nan har wa yau.

Masu bishara na Lutheran sun iso arewacin Kamaru a shekarun 1920. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, daga baya aka samu na Fulatanci. A 1959 Baba Simon, firist daga kudancin Kamaru, ya koma Tokombere a gindin duwatsun Mandara, yana yawo ba takalmi, yana zama da mutane yana sauraronsu, har rasuwarsa a 1975.

To, kai fa? Kai ne hanyar da saƙon zai bi, a kasuwa, a tasha, a gona. Maƙwabcinka mai wani addini zai duba mudunka da alkawarinka kafin ya saurari bakinka. Ka girmama shi. Sa'an nan ka dubi gidanka: bangaskiyar da ba a faɗinta da harshen da ake kiran yara cin tuwo, baƙuwa ce, baƙo kuwa raɓa ne.

Tambayoyi:
1. Wane ne ya fara bayyana maka Maganar Allah, a ina kuma?
2. Da wane harshe 'ya'yanka ke jin ka kana addu'a?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka sa Maganarka ta zauna a gidana, tafiyata kuma ta zama shaida. Amin.