Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Libarbar Kaka

Wani mai sauraronmu daga Malumfashi ya ce sun tsinci tsohuwar libarba a adakar kakansu, tsohon sojan Bama. Yana son sanin darajarta.

To Malam, Allah ya jiƙan tsoho. Duba jikinta tukuna. In ka ga an rubuta Webley, ƙirar Ingila ce. Sojojinsu sun karɓe ta a 1887. Ƙaramar alama mai kama da kan kibiya kuwa shaidar kayan gwamnatin Birtaniya ce. Masana sukan duba ko lambar da ke gangar jiki ta dace da ta bututu da ta gidan harsashi mai juyawa, su duba ko tsatsa ta ci rami. Kada ka kai wa maƙeri ya goge ta da samfefa, ƙyallin nan shi ke kashe darajarta. Kada kuma a gwada harbawa, tsohon ƙarfe ba shi da amana.

Babbar magana ita ce doka. Dokar makamai ta 1959 ta haramta riƙe libarba ba lasisin Shugaban Ƙasa. Ga halin tsaron yankinku, daga Funtuwa har Faskari. Ku bi ta wurin mai unguwa ku sanar da 'yan sanda, ku nemi a miƙa ta gidan tarihi na Katsina.