Amsoshin Tambayoyinku: Bizar Aiki ko ta Aure?

TAMBAYA: Ni direba ne a Jiratawa, ina ɗaukar zogale da kayan garka zuwa kasuwar Maradi. Wani dillali ya ce in kawo sefa miliyan ɗaya da rabi, zai samo mini maigida a Saudiyya. Wai in shiga da bizar Umara, in na isa a juya ta ta koma ta aiki. Ina kuma da 'yar gwaggona a Faransa, manya sun fara zancen haɗa mu aure, an ce nan ma hanya ce. Baba ya yarda a jinginar da garkarmu. Wacce zan bi?

AMSA: Kafin komai, ka roƙi Baba ya dakata da maganar jingina. Garka a Jiratawa, inda ake noma rani da damina, ba abin sakewa ba ce a kan alkawarin baki.

Hanyoyin nan biyu uwarsu ɗaya: wanda ke can shi ke kiranka, kuma daga wurinsa takarda take farawa. A bizar aiki maigida ne ko kamfani ke zuwa gaban hukumar ƙasarsa ya ce yana buƙatar wane, ya ɗauki nauyinsa. A ta aure kuwa matar ce ko mijin. Dillalin da ke zaune a Maradi iyakarsa ya haɗa ka da mai kiran. Idan ya kasa faɗa maka sunan mai kiran da garin da yake, to babu kowa a bayan labulen.

Mu ɗauki Saudiyya, tunda can ka fi karkata. Bizar Umara ta ibada ce, ba a aiki da ita, ba a kuma juya ta. Ranar da wa'adinta ya cika ka zama mara takarda, irin waɗanda muke kira takari: kullum ido na kan titi don gudun askarawa, in ciwo ya zo asibiti ya yi wuya, in aka kama mutum sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, sai jirgi, da haramcin komawa. Duk wanda ya ce maka "a can ake gyarawa", kuɗinka yake so ya gyara.

Sahihiyar hanya ita ce kafili, wato maigidan da ya ɗauki nauyinka, ya fitar da biza da sunanka, ta zo hannunka tun kana gida, in ka sauka ya yi maka igama, wato katin zama. Dokar ƙwadagon Saudiyya ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin kawo ma'aikaci da na igama da tikitin komawa gida in aiki ya ƙare. Sai ka tambayi dillalinka: miliyan ɗaya da rabin nan kuɗin mene ne? Ya rubuta maka dalla-dalla, ya sa hannu.

Akwai kuma wani abu da ya shafe ka kai tsaye, wanda dillalai ba su cika faɗa ba. Direba iri biyu ne a takardun Saudiyya. Direban kamfani yana ƙarƙashin dokar ƙwadago, ana shigar da kwantiraginsa a manhajar Qiwa, kuma gyaran da aka fara aiki da shi a watan Maris na 2021 ya ba shi damar sauya maigida bayan shekara guda ba sai da yardar na farko ba. Direban gida kuwa ana lissafa shi cikin masu aikatau, ta manhajar Musaned ake ɗaukarsa, kuma wancan gyara bai haɗa da shi ba, haka makiyayi da mai aikin gona. Kalma ɗaya a kan biza ita ke raba mai iya cewa "na gaji" da wanda in ya fita gidan aka rubuta shi a matsayin gudajje. Saboda haka ka sa wanda ya iya Larabci, ko malamin islamiyyar unguwarku ne, ya karanta maka sana'ar da aka rubuta, da albashi a riyal, da wanda zai ba ka abinci da makwanci. Fasfonka kuma naka ne. Dokarsu ma ta hana maigida riƙe shi, ko da yake da yawa suna yi.

Sai batun 'yar gwaggo. A nan tambayar farko ita ce wace takarda take riƙe da ita. In katin zama gare ta, sai ta yi aƙalla wata 18 a Faransa bisa ƙa'ida, sannan ta kai buƙata hukumar kula da baƙi ta OFII, a duba ko abin da take samu ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar, a duba ko ɗakinta ya isa mutum biyu. In kuwa ta zama 'yar ƙasa, sai an shigar da aurenku a rajistar Faransa, kuma suna iya kiranku su yi muku tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Alherin wannan hanya shi ne katin da za a ba ka yana ba da izinin aiki, ba ka ɗaure da wani maigida.

Amma Bature bai san goro da alawa ba. Auren da aka shafa wa fatiha a ƙofar gida, ko da liman da waliyyai da sadaki, a wurinsa babu shi sai da takardar magajin gari. Takardar haihuwarka ma dole sunanta da shekarunta su dace da na fasfo harafi da harafi. Mutanenmu da yawa nan suke faɗuwa, Mahamadou a wannan takarda, Mamane a waccan. Idan kana da mata a gida, ka sani Faransa ba ta karɓar zaman mace fiye da ɗaya. Auren takarda zalla kuma laifi ne a can, mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar yuro 15,000. Ni ko ba don dokar ba, ba zan so ka mai da 'yar'uwarka tsani ba. In auren zumunci ya lalace, gida biyu ke rabuwa, har jikoki su gada. Kana son ta, tana son ka? Wannan za a fara tambaya, kuma ita za a tambaya, ba manya kaɗai ba.

Ga wani cikas: ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, don haka neman bizar sai an tsallaka wata ƙasa, da kuɗin mota da masauki da zaman jira. Ka sa ran shekara ko fiye, ba watanni ba.

Kada kuma hangen nesa ya hana ka ganin kusa. Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025, amma tana nan cikin ƙungiyar UEMOA, inda ɗan ƙasa ke shiga Kwatano da Lome da Abijan ba biza. Mai lasin babbar mota yana da kasuwa a hanyoyin tashoshin ruwan nan, ba kafili, ba igama, kuma in an yi rasuwa a gida ana iya zuwa gaisuwa.

Da ni ne kai, zan ce wa dillalin ya kawo kwafin biza da kwantiragi mai sunan kafili, in ɗauka in kai ofishin hukumar samar da aikin yi ta ANPE da ke Maradi su duba, ban ba shi ko dala ba tukuna. In ya kawo, mu sake magana, ka rubuto mini abin da aka rubuta a gurbin sana'a. In kuwa ya ce gurbi zai cika kafin Juma'a, ka bar shi ya cika, ka je ka yi lodin zogalenka.