Tabo da Yadda Rauni ke Warkewa

Duk wanda ya dubi bille ko kalangu a fuskar dattijo ya san askar wanzami takan bar shaidar da ba ta gogewa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin haka bisa binciken likitoci.

Idan aka yanki fata, da farko jini yakan daskare ya toshe kafar. Sai kumburi ya biyo baya, lokacin da jiki ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Daga nan sai ya cike gurbin da wasu zaruruwa masu suna kolajin. A lafiyayyar fata, zaruruwan nan a saƙe suke tamkar tabarma, amma a tabo a jere suke, sun fuskanci gefe guda. Saboda haka ƙarfin tabo ba ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na fatar asali. Haka kuma ba ya tsirar da gashi, ba ya yin gumi.

Abin lura a nan shi ne, jaririn da ke ciki, a watannin farko, rauninsa kan warke ba tabo. Wannan sirri masana ke ta bin diddiginsa. Ashe ke nan tabo faci ne, ba sabuwar fata ba.