Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

Ranar rasuwa, ƙofar gida ba masaka tsinke. Amma da an yi addu'ar uku an naɗe tabarmi, kowa sai ya kama gabansa. A lokacin ne kewa take fara cin rai. Na ga wata mai takaba ta zuba tuwo a kwanon maigidanta bisa sabo, sai da ta rufe da faifai ta tuna babu mai ci.

'Yan'uwa, takaba wata 4 ce da kwana 10, zumunci kuwa a ƙafa yake. Ku raba hidimar mai takaba a tsakaninku: wannan ya kai cefane, wancan ya ɗauki kuɗin makarantar marayu, wata ta je taya ta hira. Kada ku hana ta ambaton mamacin; ku saurare ta, ku yi masa addu'a tare.

Gado kuma kada a bar shi ya shekara, domin jinkiri ke haifar da zargi tsakanin 'yan uba. A fara biyan bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan masanin gado ya raba a gaban kowa, a rubuta. Matar mamaci tana da tumuni in ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba. Kada a tauye mata ko ƙwandala.

Mai karatu, in akwai gidan da ka yi wa gaisuwa bana, daure ka sake leƙa su a wannan makon.